Laftanar Kanar James Yakubu Pam: Hafsan da ya rayu tsakanin kiran bariki da kiran gida

Ranar 15 ga Janairu na da matsayi biyu a tarihin Najeriya. A ranar ce, cikin 1970, aka kawo ƙarshen yaƙin basasa, abin da ya sa aka keɓe ta domin tunawa da 'yan mazan jiya. A ranar ce kuma, shekara huɗu kafin nan, wasu matasan hafsoshin soja suka yi yunƙurin juyin mulki na farko a ƙasar. Idan ana maganar waɗanda suka kwanta dama a daren, sunayen da suka fi zuwa baki su ne na Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, da Firimiyan Jihar Yamma Cif Samuel Ladoke Akintola, da Ministan Kuɗi Cif Festus Okotie-Eboh. Amma akwai manyan hafsoshin soja da su ma suka rasa rayukansu a daren, kuma kowannensu ya bar gida a bayansa.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Laftanar Kanar James Yakubu Pam, ɗan asalin Jos, wanda ya rasu yana da shekara 32 kacal. A cikin kimanin shekara goma da ya yi yana hafsa, ya yi aiki a ƙasashen waje da cikin gida, ya jagoranci bataliya, ya kuma kai ga ɗaya daga cikin manyan kujerun hedikwatar soja. A cikin waɗannan shekarun ne dai ya yi aure, ya haifi 'ya'ya shida. Tarihinsa tarihi ne na mutumin da ya ɗauki amana biyu a lokaci guda, ta ƙasa da ta iyali, da kuma na matar da ta ƙarasa ɗaukar ta biyun bayan ransa.

Asali da tasowa

An haifi James Yakubu Pam a ranar 23 ga Nuwamba, 1933, a Jos, cikin al'ummar Birom. A wancan zamani Jos gari ne da kuza ta gina. Kamfanonin Turawa sun baza ma'aikatansu a kan tsaunukan Filato, tun daga Naraguta har Bukuru da Barikin Ladi, suna haƙa suna wankewa, jirgin ƙasa na kwasa zuwa bakin teku. Neman abin kai wa bakin salati ya jawo mutane daga ko'ina: Hausawa daga Kano da Zariya da Bauci, Ibo da Yarabawa daga kudu, da sauran ƙabilun da ke kewaye. Hausa ta zama harshen kasuwa da na wurin aiki, ta kuma zama harshen majami'u da makarantun mishan, musamman bayan da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Wannan ne ya sa sunaye irin su Yakubu da Yusufu da Ishaya suka zama ruwan dare a gidajen Kiristocin Filato, kuma Hausa ta zama harshen cikin gida ga iyalai da yawa.

Ga Birom, waɗanda manoma ne tun kaka da kakanni, arzikin kuza ya zo da nasa ciwon. An tone gonaki, an bar ramuka da kududdufai, kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa dubban mutane aikin haƙar kuza domin biyan buƙatar Ingila. A irin wannan yanayi Pam ya yi ƙuruciyarsa, inda yaron da ya samu damar shiga makaranta ya san cewa ba kansa kaɗai yake yi wa karatu ba.

Bayan karatun farko a Filato, ya samu shiga Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda aka fi sani yau da Kwalejin Barewa. Makarantar ta samo asali ne daga Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. Daga cikinta ne rukunin farko na hafsoshin Arewa suka fito: Zakariya Maimalari, da Kur Muhammad, da Abogo Largema, da Pam, da kuma wani ɗan Filato da ke bayansa a karatu, Yakubu Gowon. Huɗun farko duk a dare ɗaya suka rasu. Na biyar ɗin ya tsira, ya kuma zama shugaban ƙasa bayan wata bakwai.

Shiga soja

A farkon shekarun 1950 aikin soja ba shi ne burin ɗan boko ba. Wanda ya gama sakandare ya fi sha'awar aikin gwamnati ko na En'e ko koyarwa, inda zai zauna kusa da danginsa. Rundunar kanta tana hannun Ingila, kusan dukkan hafsoshinta Turawa ne, 'yan ƙasa kuwa sai dai kurtu da kofur da saje. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba 'yan Najeriya muƙamin hafsa, kuma a 1953 ne Maimalari ya fito daga makarantar horar da hafsoshi ta Sandhurst.

Pam ya bi wannan sahu. Ya fara horo a Teshi, a ƙasar da ake kira Gana a yau, inda ake tace matasan Afirka ta Yamma masu neman zama hafsoshi, daga nan ya wuce Ingila, ya shiga Sandhurst. A tsakiyar shekarun 1950 ya dawo gida da anini a kafaɗa. Ya zaɓi fannin da babu ɗan Najeriya da ya riga shi kaiwa matsayin hafsa a cikinsa, wato fannin igwa. Aikin igwa ba na ƙarfin tuwo ba ne. Mai harba ta sau da yawa ba ya ganin abin da yake hari, sai dai ya dogara da taswira da lissafin nisa da kusurwa da kaɗawar iska, kuma ɗan kuskure kaɗan na iya sa harsashi ya faɗa kan nasa mutanen. Aiki ne da ke buƙatar natsuwa da taka-tsantsan, kuma shi ya zama hafsan igwa na farko ɗan Najeriya.

Ya shigo a daidai lokacin da abubuwa ke sauyawa cikin sauri. A 1958 ragamar rundunar ta bar hannun Ingila ta dawo hannun gwamnatin Najeriya, a 1960 aka samu 'yancin kai, Turawa suka riƙa tattara nasu ya nasu. Guraben da suka bari sun fi yawan 'yan ƙasa da aka horar, saboda haka matasa 'yan shekara talatin suka tsinci kansu riƙe da muƙaman da a wasu ƙasashe sai mai furfura ke riƙewa. Ƙarin girma ya zo da wuri, nauyi ma ya zo da wuri.

Aure a inuwar bariki

A cikin waɗannan shekaru ne Pam ya auri Elizabeth, suka fara tara iyali. Auren hafsa a wancan zamani yana da nasa sharuɗɗa waɗanda ba a karanta su ranar ɗaurin aure. Rundunar ƙarama ce, bataliya biyar ne kawai, waɗanda zuwa 1966 suke zaune a Inugu da Ikeja da Kaduna da Ibadan da Kano. Hafsa ba ya daɗewa a wuri ɗaya. Yau yana Kaduna, gobe takarda ta fito a ce ya koma Legas, jibi kuma kwas ya taso a Ingila. Gidan da yake ciki na gwamnati ne, kayan ɗakin ma yawanci na gwamnati ne. Matar hafsa kan koyi ɗaure kaya cikin kwana biyu, ta sauya wa yara makaranta a tsakiyar zango, ta yi goyon ciki nesa da uwa da kaka, waɗanda a al'ada su ne ke tsaya wa mace lokacin haihuwa da wankan jego.

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa. Ma'aikacin ofis na iya neman uzuri idan matarsa ta kusa sauka, ɗan kasuwa na iya rufe shago ya zauna a gida. Soja kuwa ya yi rantsuwar zuwa duk inda aka tura shi, a duk lokacin da aka tura shi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shekarun da iyalin Pam ke ƙaruwa su ne kuma shekarun da aka fi tura sojan Najeriya aiki.

Kwango ce ta fara. Kwanaki kaɗan bayan ta samu 'yanci daga Beljiyam a ranar 30 ga Yuni, 1960, sojojinta suka yi bore, lardin Katanga ya ɓalle, ƙasar ta rikice. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura dakarun kiyaye zaman lafiya, Najeriya kuma ta ba da nata kason tun daga ƙarshen 1960 har zuwa 1964, ana karɓa-karɓa tsakanin bataliyoyi, kowace ta yi watanni kafin a canje ta. Pam na cikin hafsoshin da suka yi wannan aiki. A lokacin babu wata hanyar jin labarin gida sai wasiƙa, wadda kan yi kwana da kwanaki a hanya, sai kuwa waya ta tangaraho idan abu ya yi tsanani. Uba kan tafi ya bar jariri a zanin goyo, ya dawo ya tarar yana tafiya, yana kuma ƙyuyar sa kamar baƙo.

Shekarar 1964: Tanganyika da ƙasar Tibi

Babu shekarar da ta nuna wannan ja-in-ja tsakanin aiki da gida kamar 1964. A ranar 20 ga Janairu na shekarar, sojojin Tanganyika suka yi bore a barikin Colito da ke Darussalam, suna neman ƙarin albashi da kuma a sallami hafsoshi Turawa. Al'amarin ya kai Shugaba Julius Nyerere ya ɓuya na ɗan lokaci, daga bisani ya nemi taimakon Ingila, wadda dakarunta suka sauka ranar 25 ga watan suka murƙushe boren. Amma abin kunya ne ga ƙasar da ta samu 'yanci shekara biyu da suka wuce a ce sojan tsohon uban gida ne ke gadinta. Nyerere ya kira taron gaggawa na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a watan Fabrairu, aka amince sojojin wata ƙasar Afirka su maye gurbin na Ingila. Najeriya ce ta ɗauki nauyin.

Bataliya ta Uku aka tura, kuma Laftanar Kanar Pam ne kwamandanta. Aikin ba na yaƙi ba ne, amma yana da wuyar sha'ani. An rusa tsohuwar rundunar ƙasar baki ɗaya, saboda haka baƙin sojoji ne za su riƙe tsaro har a ɗauki sababbin kurata a horar da su. Dole su yi haka ba tare da sun tsoma baki a siyasar masu masauki ba, a daidai lokacin da Tanganyika ke haɗewa da Zanzibar, cikin watan Afrilu, domin kafa ƙasar da aka sa wa suna Tanzaniya daga baya. Bataliyar ta zauna kimanin wata shida, ta dawo gida bayan an ƙaddamar da sabuwar rundunar ƙasar a watan Satumba. Wannan na cikin lokutan farko da wata ƙasar Afirka mai 'yanci ta tura dakaru domin tallafa wa 'yar'uwarta bisa shawarar 'yan Afirka da kansu.

Ba a daɗe da dawowa ba wani aikin ya taso, wannan karon a cikin gida. Ƙasar Tibi, a Lardin Binuwai, ta daɗe tana tafasa saboda rikici tsakanin magoya bayan jam'iyyar UMBC ta Joseph Tarka da hukumomin En'e masu goyon bayan jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa. An yi tarzoma a 1960, ta sake ɓarkewa a 1964 da muni fiye da na farko. Da abin ya fi ƙarfin 'yan sanda, gwamnatin tarayya ta tura soja a watan Nuwamba, ana saura makonni a yi babban zaɓen ƙasa. Pam da bataliyarsa aka ɗora wa aikin. Ga hafsan da shi kansa ɗan ƙaramar ƙabila ne daga maƙwabcin lardi, wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce, domin waɗanda aka tura shi ya kwantar 'yan ƙasarsa ne, ba abokan gaba ba. Tura soja ƙasar Tibi ya bar ɗaci a zukatan wasu ƙananan hafsoshi, waɗanda suka ɗauke shi a matsayin amfani da runduna domin biyan buƙatar 'yan siyasa, kuma yana cikin dalilan da masu juyin mulkin 1966 suka kafa hujja da su daga baya.

A cikin wannan shekarar ce, tsakanin shirin tafiya Gabashin Afirka da aikin Binuwai, Allah ya albarkaci gidan Pam da tagwaye maza, a kan 'ya'ya uku da suke da su. Duk wanda ya san ɗawainiyar tagwaye ya san abin da hakan ke nufi ga uwar da mijinta ya kwashe mafi yawan shekarar a bakin daga. Littattafan tarihin soja sun rubuta ranar da bataliya ta tashi da ranar da ta dawo, ba su rubuta wanda ya kwana a zaune da jarirai biyu ba. Ƙasa ta yaba wa maigidan da lambar girmamawa ta MFR. Rabin wannan lamba, a gaskiya, na uwargidan ne.

Hedikwatar soja a Legas

A 1965 Baturen ƙarshe da ya shugabanci rundunar, Manjo Janar Welby-Everard, ya sauka, Manjo Janar Johnson Aguiyi-Ironsi ya gaje shi. A shekarar ce aka kawo Pam hedikwatar soja a Legas a matsayin Ajutan-Janar, kujerar da Gowon ya bari ya tafi kwas Ingila. Mai wannan muƙami shi ke kula da duk abin da ya shafi mutanen runduna: ɗaukar aiki, da canjin wurin aiki, da ƙarin girma, da ladabtarwa, da jin daɗin sojoji da iyalansu. Wanda ya sha ɗacin takardar canji yanzu shi ne takardun ke bi ta teburinsa.

Ga iyalin, zaman Legas ya zo kamar hutu bayan doguwar tafiya. Sun samu gida a Ikoyi, maigida na fita ofis da safe ya dawo da yamma, yara na ganin mahaifinsu kullum. A 1965 aka haifi auta, wanda aka yi wa laƙabi da Gambo, kamar yadda al'ada ta tanadar wa ɗan da ya biyo bayan tagwaye. Sai dai a waje ƙasa ba ta zauna lafiya ba. Zaɓen tarayya na Disamba 1964 ya bar baya da ƙura, zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965 kuma ya jefa yankin cikin ƙone-ƙone da kashe-kashe. A cikin bariki ana ta raɗe-raɗin cewa wasu na ƙulla wani abu.

Daren 15 ga Janairu

A makon da abin zai faru Legas ta karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashe renon Ingila kan batun Rodeshiya, a ranakun 11 da 12 ga Janairu, 1966. Watan azumi ne. A daren Juma'a, 14 ga wata, Birgediya Maimalari, kwamandan Birged ta Biyu, ya shirya liyafa a gidansa da ke Ikoyi. Manyan hafsoshi da dama sun halarta, ciki har da Ironsi da Pam da Gowon, wanda dawowarsa ke nan daga Ingila. Wasu daga cikin waɗanda suka shirya juyin mulkin ma suna wurin, an ci an sha tare.

Can cikin dare, bayan kowa ya koma gida, aka fara aiwatar da shirin. Bayanan da aka tattara daga baya sun nuna cewa da Pam ya lura da motsin sojoji a unguwar, abin da ya fara yi shi ne ɗaukar waya ya sanar da na gaba da shi. Ana danganta tsirar Ironsi a daren da gargaɗin da ya samu ta waya daga Pam, abin da ya ba shi damar fita ya nufi barikin Ikeja, inda aka tattara dakarun da suka karya lagon juyin mulkin a Legas. A mintunan da wani zai yi amfani da su wajen neman mafaka, shi aikinsa ya fara tunawa.

Wanda ya jagoranci sojojin da suka shiga gidan ba baƙo ba ne. Manjo Humphrey Chukwuka ne, hafsan da ke aiki a ƙarƙashin Pam a hedikwata, wanda iyalin suka sani. Kamar yadda iyalin suka riƙa bayarwa daga baya, yaran sun farka cikin firgici, uwargidan ta roƙi a bar mata mijinta, aka kuma ba ta tabbacin cewa babu abin da zai same shi. Kafin a fita da shi, ya juya ya yi mata magana da Hausa, ya bar mata amanar ta kula da yaran. Ita ce magana ta ƙarshe da ta ji daga bakinsa.

An kai shi wurin shaƙatawar hafsoshi na rundunar tsaron fadar gwamnati, inda masu juyin mulkin suka mayar sansaninsu. Rahoton binciken 'yan sandan ciki ya nuna cewa Manjo Christian Anuforo ne ya harbe shi kafin wayewar gari, bayan ya nemi a ba shi dama ya yi addu'a.

Ba gidansa kaɗai aka shiga ba. A Legas an kashe Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar Kanar Largema, da Laftanar Kanar Arthur Unegbe, wanda ke kula da kayan aikin runduna. A Kaduna an kashe Kanar Ralph Shodeinde, an kuma kashe Birgediya Samuel Ademulegun a ɗakin kwanansa tare da matarsa Latifat, wadda ke ɗauke da juna biyu. Sardauna ma tare da uwargidansa Hafsatu aka kashe shi. A daren an keta wata iyaka da soja ya saba girmamawa, wato iyakar da ke tsakanin fagen daga da ƙofar gida. Bayan kusan mako guda aka gano gawar Firayim Minista da ta wasu daga cikin waɗanda aka kashe a Legas a daji, a gefen hanyar Abekuta.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Ironsi ya karɓi mulki, aka tsare waɗanda suka shirya juyin, amma ba a gurfanar da su a kotun soja ba. Wannan jinkiri ya ƙara rura wutar fushi a barikoki, har ta kai ga juyin mulki na biyu a ranar 29 ga Yuli, 1966, da kashe-kashen fararen hula da suka biyo baya, da yaƙin basasa na wata talatin. Wasu dubban gidaje, a kudu da arewa, suka shiga irin halin da gidan Pam ya shiga.

Amanar da aka riƙe

Elizabeth Pam na da kimanin shekara 30 lokacin da ta zama gwauruwa. Babbar 'yarta ba ta wuce shekara takwas ba, tagwayen ba su cika shekara biyu ba, autan kuwa yana zanin goyo. Gidan Ikoyi na gwamnati ne, kuma gidan gwamnati na mai muƙami ne. Ta tattara 'ya'yanta ta koma Jos, garin mijinta, wanda a watan Mayu na 1967 ya zama babban birnin sabuwar Jihar Binuwai-Filato. A nan ta zauna ta rene su, ta tsaya a kan karatunsu, ta zama uwa ta zama uba.

Sakamakon wannan tsayuwa a bayyane yake. Daga cikin 'ya'yan akwai Mai Shari'a Jummai Hannatu Sankey, wadda aka rantsar a matsayin alƙaliyar Kotun Ƙoli ta Najeriya a watan Fabrairun 2024. Akwai Yusufu Pam, wanda ya riƙe muƙamin Antoni-Janar na Jihar Filato. Akwai Farfesa Ishaya Pam, ɗaya daga cikin tagwayen, wanda ya shugabanci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Autan, Ibrahim Pam, wanda bai san fuskar mahaifinsa ba sai a hoto, ya zama lauya, ya kuma yi aikin bincike a Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague. Abin lura ne cewa da yawa daga cikin 'ya'yan mutumin da aka kashe ba tare da shari'a ba, hanyar shari'a suka bi.

Ita ma uwar ƙasa ta neme ta. A 1999, da aka dawo mulkin farar hula, Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa hukumar binciken take haƙƙin ɗan Adam a ƙarƙashin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, aka naɗa Elizabeth Pam cikin mambobinta. Da aka faɗaɗa hurumin hukumar, sai aka sa binciken ya faro daga 15 ga Janairu, 1966, wato daga ranar da aka fitar da mijinta daga gida. Ta zauna a kujerar sauraro, a birane daban-daban na ƙasar, tana jin koken zawarawa da marayu daga kowane yanki da kowace ƙabila, ciki har da na ɓangaren da waɗanda suka kashe mijinta suka fito. Hukumar ta miƙa rahotonta a 2002. Elizabeth Pam ta rasu a 2011, shekara 45 bayan mijinta.

Abin da tarihinsa ke tunatarwa

James Yakubu Pam bai yi tsawon rai ba, bai riƙe mulki ba, bai bar littafi ba. Abin da ya bari shi ne misalin hafsan da ya tsaya a kan rantsuwarsa: ya je inda aka tura shi, ya taimaka wa wata ƙasa ta farfaɗo daga boren soja, sannan boren soja ya ci shi a tasa ƙasar. Bai samu damar daidaita aiki da gida yadda kowane uba zai so ba, domin aikin ya cinye mafi yawan shekarun da 'ya'yansa ke buƙatarsa, ƙarshe ya cinye shi gaba ɗaya.

Har gobe sojojin Najeriya na barin mata masu ciki da jarirai a barikin Rukuba da ke Jos da sauran barikokin ƙasar, suna tafiya bakin daga a Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma, wasu su dawo, wasu sai labari. Duk sojan da aka tura, gida guda aka tura tare da shi. Ba kowace gwauruwar soja ce ke da ƙarfin hali da damar da Elizabeth Pam ta samu ba, ba kuma kowane marayan soja ne ke kaiwa jami'a ba. Biyan haƙƙoƙin mamaci a kan lokaci, da matsuguni ga iyalinsa, da ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansa, ba alfarma ba ce. Bashi ne da ke kan ƙasa tun daga ranar da ta karɓi rantsuwarsa.